Ba Jabu Ba Ne, Yarensu Ne Bai Zo Ɗaya Ba

Bayan la'asar na shiga zauren gidan yayata a Birnin Kudu, na tarar da ɗanta na biyu ya baje kaya a kan tabarma ya zabga tagumi. A gabansa akwai guntun falanki da bai wuce faɗin faifai ba, an sa masa taya huɗu. Tayoyin baya dainamo ne ke juya su, irin ɗan injin nan da yara ke farkowa daga tsohuwar rediyo mai kaset, sai dai wannan ya ɗan fi girma. Na gaba kuwa an haɗa su da wata 'yar na'ura mai hannu guda da ake kira sarbo, ita ce sitiyarin. Wayoyi ja da baƙi sun harɗe a tsakiya kamar taliya. Kuɗin da ya tara wajen yankan riɗi da roron gyaɗa a kakar bara ya zuba a wannan abu, har da na motar zuwa Kano da dawowa.

"Kawu, an cuce ni," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Jabu aka sayar mini."

Na ce ya kunna in gani. Ya kunna rimot, ya jona batir. 'Yar fitilar risiba, na'urar da ke cafke umarnin rimot, ta kawo, ta tsaya cak. Ya tura sandar dama ta rimot gefe, tayoyin gaba suka karkata. Ya saki, suka dawo daidai. Ya tura sandar hagu sama har ƙarshe, tayoyin baya ko gezau. Abin da ake ji kawai wani ɗan kuka ne, ɗit, ɗit, ɗit, ga kuma wata jar fitila tana ƙyaftawa a jikin na'urar da ke tsakanin batir da dainamo. Kwana uku ke nan yana wannan fama, har ya fara lissafin kuɗin motar komawa kasuwa ya yi rigima.

Babu ko ɗaya cikin kayan nan da ya lalace. Dalilin wannan rubutu ke nan, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Yaron da ya tashi yana ƙera motar kara da ta langa-langa, ya wuce ya iya haɗa dainamo da batirin tocila, idan ya kai matakin sarrafa ƙaramin mutum-mutumi daga nesa, nan ne yake cin karo da bango. Wanda ke zaune a Legas ko tsakiyar Kano yana iya tsallaka titi ya canjo wata na'urar ya gwada. Na Birnin Kudu tafiyar fiye da kilomita ɗari ce a gabansa, na Gwaram ma ya fi shi nisa, ko kuma ya yi oda ta intanet ya jira makonni. Irin wannan yaro ba shi da halin yin canke. Idan ya canka sau biyu bai dace ba, kuɗi sun ƙare, ya tattara kayan ya cusa ƙarƙashin gado da tunanin ko dai an cuce shi, ko kansa ne bai kai ba. Na biyun nan ya fi yi mini ciwo.

Abubuwa uku ne ke miƙa wa juna saƙo. Rimot yana hannun mai tuƙi, yana aika umarni ta iska. Risiba tana jikin mutum-mutumin, tana cafke umarnin ta mayar da shi sigina a kan waya. Sai na ukun, wanda za ka ga an rubuta ESC a jikinsa. Ni linzami nake ce masa, saboda aikinsa ke nan: batir doki ne mai ƙarfi, risiba hannu ce marar ƙarfi, shi kuma yana tsakani yana ƙayyade yawan wutar da za ta isa dainamo da kuma ɓangaren da zai juya. Tunanin sarrafa abu daga nesa ya daɗe a duniya, tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa da igiyar rediyo a Madison Square Garden da ke birnin New York. Motar wasan da ake saya wa yara da Sallah ita ma haka take aiki, kuma ba ta ba da wahala domin masana'anta ɗaya ce ta yi rimot da risiba da linzamin, ta manne su a allo guda. Wanda ya sayi kowanne daban, daga kamfani daban, shi ne zai zama mai sasanta su.

Mai bincike da wuta yake farawa. Daga jikin linzami akwai wata siririyar igiya mai waya uku da ake cusawa a risiba. Baƙa ko ruwan ƙasa ita ce ta ƙasa, wato mara. Ja tana tsakiya, ita ke ɗauke da wuta. Fara, ko ruwan lemo, ko rawaya, ita ce ta sigina. An sa ja a tsakiya ne da gangan, don ko an juya kan igiyar bisa kuskure kada wani abu ya ƙone. Abin dai ba zai yi aiki ba har sai an gyara. Yawancin ƙananan risiba bolt 5 zuwa 6 suke so, alhali batirin mutum-mutumi kan kai 7.4 ko 11.1. Don haka linzamai da yawa suna da wani ɗan sashe a ciki mai rage wuta ya ciyar da risiba ta jar wayar nan, za ka ga an rubuta BEC a takardarsu. Amma akwai waɗanda aka rubuta wa OPTO, su ba sa ba risiba ko ɗigon wuta. Mutum ya jona komai daidai, fitilar risiba ta ƙi kawowa, ya ce matacciya ce, alhali yunwa take ji. Maganinta a sayo ɗan BEC na daban, ko a haɗa mata ƙananan batura huɗu nata na kanta. Idan an yi haka, dole baƙar wayar risiba da ta linzami su haɗu, domin sigina awo ne da ake yi daga mara, in babu mara guda babu abin aunawa. Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne a ɗauki babban batir a cusa wa risiba kai tsaye. Wannan hayaƙi ne, sai sayen wata.

Sai ɗaurin aure. A da, rimot na aiki ne a kan megahaz 27 ko 49 da makamantansu, kuma duk risibar da ke kan mita ɗaya da shi za ta amsa, shi ya sa yara biyu masu mota iri ɗaya kan tuƙa wa juna. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2.4, inda kowace risiba sai an gabatar mata da rimot ɗinta ta haddace lambarsa. A irin na FlySky, wanda ya yaɗu saboda sauƙin kuɗinsa, ana cusa wata 'yar madauki a ramin da aka rubuta B/VCC, a ba risiba wuta ta kama ƙyafta fitila da sauri, sannan a danne maɓallin haɗi a kunna rimot. Auren ya ɗauru, a cire madaukin a sake kunnawa. Sai dai ganin 2.4 a jikin kwali biyu ba ya nufin za su jitu. Spektrum na da yarensa, DSM2 da DSMX. FrSky na da nasa. FlySky kansa yana da tsoho, AFHDS, da sabo, AFHDS 2A, kuma risibar R6B tsohon take ji, iA6B kuwa sabon. Rimot FS-i6 ya iya duka biyun, amma sai an shiga cikin tsare-tsarensa an zaɓa masa.

A kayan ɗan yayata, waɗannan biyun na tsallake su ba tare da na taɓa komai ba, na kuma nuna masa dalili. Tunda tayoyin gaba suna bin sanda, to wuta tana isa risiba, aure ya ɗauru, risiba tana fitar da sigina. Sarbon nan ya riga ya ba da shaida a kan kashi biyu cikin uku na kayan. Abin da ya rage shi ne maganar da ke tsakanin risiba da linzami, kuma nan ne ya kamata a zauna a fahimta da kyau.

Mutanen Birnin Kudu sun san duwatsun da ke gefen garinsu, su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen shanu na mutanen da. A wurin ne a tsakiyar shekarun 1950 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya rubuta labarin duwatsun kiɗa, waɗanda idan aka buga su da ɗan dutse suke amsawa kamar ƙararrawa. Duk wanda ya taɓa jin kalangu yana kiran sunan mutum ya san bugu na iya ɗaukar magana. Risiba ma da bugu take magana. Kusan sau 50 a kowane sakan tana ɗaga wuta a kan wayar sigina na ɗan lokaci ta sauke. Ƙarfin bugun ba ya canzawa, tsawonsa ne saƙon. Ana auna shi da maikirosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Idan sanda tana can ƙasa, tsawon bugun kusan 1000 ne. Idan tana tsakiya, 1500. Idan ta kai ƙarshen sama, 2000. Iyakar kalmomin yaren ke nan, kuma an gaje shi ne daga sarbo, tun zamanin da babu linzamin lantarki.

Matsalar ita ce linzamai iri biyu ne, kuma kowanne da fassarar da yake yi wa waɗannan lambobi. Na jirgin sama bai san baya ba, domin farfela gaba kawai take ja. A wurinsa 1000 ne "tsaya", 2000 "gudu duka". Na mota da mutum-mutumi kuwa yana da gaba da baya, don haka "tsaya" a wurinsa 1500 ne. Abin da ya haura gaba ne, abin da ya gaza baya ne. Kuma dukansu an gina su da wata ƙa'ida ta kare yatsun mutane: idan aka jona batir, linzami ba zai saki wuta ba sai ya fara jin kalmar "tsaya" ta zauna na ɗan lokaci. In bai ji ta ba, sai ya yi ta kuka yana jira. Kukan ma ba daga jikinsa yake fita ba, dainamon yake ɗan girgizawa ya yi ƙarar, shi ya sa linzamin da ba a haɗa da dainamo ba yake shiru.

Yaron nan ya kalli bidiyon masu haɗa jirgi, ya ga suna cusa linzami a rami na uku, CH3, shi ma ya yi haka. A rimot irin nasa tasha ta uku ita ce sandar hagu, wadda ba ta da sifirin ɗin da zai dawo da ita tsakiya, kuma rimot ɗin da kansa ba ya yarda ya tashi sai an sauke ta ƙasa. Ke nan duk lokacin da ya jona batir, risiba na cewa 1000. Linzaminsa na mota ne, abin da yake ji shi ne "baya, da gudu duka", ya kuwa ƙi. Da ya tura sandar sama, wucewa take yi ta tsakiyar da sauri ba ta zauna ba. Na ce masa, "Cire igiyar nan daga na uku ka mayar na biyu." Tasha ta biyu sandar dama ce, sama da ƙasa, mai komawa tsakiya da kanta. Ya mayar, ya jona batir. Dainamo ya yi ƙara ɗaya doguwa, jar fitila ta daina ƙyaftawa. Ya ɗan taɓa sanda, tayoyin baya suka juya har falankin ya zame daga tabarma.

Ya daɗe yana kallon ramukan nan biyu da tazararsu ba ta kai faɗin farce ba. Sannan ya ce, "Kawu, wato da ma yana gaya mini ne?"

Akasin haka ma yana faruwa: mai linzamin jirgi ya sa shi a tasha mai komawa tsakiya, linzamin ya ji 1500 ya ɗauka an ce rabin gudu, ya ƙi tashi. Wani lokaci kuma tashar daidai ce, amma an taɓa 'yan maɓallan gyaran tsakiya da ke gefen sanda har 1500 ta zama 1540, ko an juya tashar a cikin rimot ta yadda sama ya zama ƙasa. Akwai kuma linzaman da sai an koya musu iyakar rimot ɗinka. A yawancin na jirgi ana tura sanda ƙarshen sama, a jona batir, a jira ƙara, a sauke ta ƙasa, a sake jin ƙara, ya haddace. Na mota kowanne da tasa hanyar, wasu da ɗan maɓalli a kusa da makunni, don haka 'yar takardar da ke cikin leda ba ta yarwa ba ce.

Labari na biyu a Gwaram na gan shi, a rumfar wani abokina mai gyaran wayar salula, kuma ya fi na farko wuyar ganewa. Yaron shagonsa ya sayi wani jan allo mai baƙin ƙarfen sanyaya a tsaye, wanda ake kira L298N. Allon ya shahara wurin ɗalibai domin yana da araha kuma yana tuƙa dainamo biyu. A bayaninsa an rubuta yana karɓar PWM. A bayanin risiba ma an rubuta tana fitar da PWM. Yaro ya haɗa su, dainamo ya kama gurnani yana karkarwa, taya ba ta juya, ko an tura sanda ko ba a tura ba.

Suna ɗaya ne aka raɗa wa abubuwa biyu. Jan allon nan bai iya karanta tsawon bugu a matsayin umarni ba. Shi ƙofa ce kawai: muddin akwai wuta a ƙafarsa ta sigina yana buɗe wa dainamo, da ta ɗauke ya rufe. Don ya ba da rabin gudu, sai an riƙe ƙofar a buɗe rabin lokaci. To risiba kuwa, a cikin kowane maikirosakan 20,000, na 1000 zuwa 2000 kawai take ɗaga wuta, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Dainamo na samun ɗan tsinke na wuta sau 50 a sakan, abin da ya isa ya sa shi rawar ɗari amma bai isa ya motsa taya ba. Ga shi kuma gaba da baya a wannan allo wasu ƙafafu biyu ne daban ke zaɓa, waɗanda risiba ba ta san da su ba. A nan sai an sa tafinta a tsakani. Allon Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005, yana iya auna tsawon bugun risiba, ya lissafa nisansa daga 1500, ya mayar da shi irin siginar da L298N ke ji, ya kuma zaɓi gaba ko baya. Shirin bai wuce layi talatin ba. Wanda ba ya son shiga rubuta shiri, ya sayi linzami na gaske mai waya uku ya huta, ya kuma tsira da kusan bolt 2 da jan allon ke cinyewa ya mayar zafi.

Abokin nawa ne ya yi abin da ya burge ni. Ba shi da na'urar ganin sigina, mitarsa ta gyaran waya kawai gare shi. Ya sa ta a ma'aunin bolt, baƙin tsinke a kan mara, ja a kan ƙafar sigina, ya ce wa yaron, "Kai, tura sandar a hankali." Lamba ta tashi daga wajen 0.16 ta bi ta 0.25 ta kai 0.33. Mita ba ta iya bin bugu mai saurin nan, sai ta ba da matsakaicinsa, kuma a risiba mai siginar bolt 3.3 lissafin haka yake fitowa. Da wannan kaɗai ya tabbatar risiba lafiyarta ƙalau, ya kuma gane wace tasha ce ke bin wace sanda. Duk mai gyaran rediyo ko waya daga Sara zuwa Basirka yana da wannan mita a akwatinsa.

Akwai wasu yarukan da ya isa a san sunansu don a kauce musu. Wasu risibobi suna cusa dukkan tashoshi a waya guda, ko ta PPM, ko iBUS na FlySky, ko SBUS na Futaba mai ɗaukar tasha 16. An yi su ne don kwamfutar jirgi marar matuƙi, linzami na yau da kullum ba ya jin ko ɗaya, kuma ƙananan risibobin jiragen tsere da yawa ba su da ramukan bugu na gargajiya sam. A ɓangaren linzami ma, waɗanda aka ɗora wa manhajar Bluejay DShot kawai suke ji, ba za su amsa wa risiba kai tsaye ba. Sannan a ƙirga wayoyin dainamo kafin a biya kuɗi: mai waya biyu da mai waya uku kowanne da irin linzaminsa, ba sa musanya.

Ciwon da ya fi yawa a wajenmu, a ganina, shi ne wanda ke zuwa bayan komai ya tashi. An ɗaga mutum-mutumi sama, tayoyi na juyawa lafiya. An ajiye shi a ƙasa, ya yi taku biyu ya tsaya, fitilar risiba ta ɗauke ta dawo, ya sake zabura ya sake tsayawa. Mai shi ya ce rimot ba ya kai nisa. Sau da yawa batir ne. Yaranmu da tsofaffin batura 18650 suke aiki, waɗanda ake farkowa daga mataccen batirin laftof, kuma dabara ce mai kyau da nake yabawa. Sai dai an yi su ne don su ba da wuta kaɗan na dogon lokaci, ga shi sun tsufa. Dainamo kuwa a lokacin tashi, ko idan taya ta nutse a rairayi, yana zuƙar ninkin-ba-ninkin abin da yake ci a guje. Wuta ta faɗi na ƙiftawar ido, risiba ta suma ta farfaɗo, ko linzami ya ɗauka batir ya ƙare ya yanke don ya kare shi. Mita za ta nuna batir cike yake in ba a ɗora masa kaya ba. A auna shi lokacin da aka riƙe taya da hannu, nan gaskiya ke fita. Ana rage wannan da jera batura biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa, da kaurara wayoyin wuta, da liƙa babbar kafasita a bakin wutar risiba.

Zafi ma yana da hannu. BEC mai araha yana rage wuta ne ta hanyar ƙona rarar. Daga bolt 11.1 zuwa 5, idan sarbo da risiba suka ja amfiya ɗaya, wat 6 ne ke zama zafi a cikin abin da bai kai ƙwayar dabino ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, ba ya daɗewa yake kashe kansa ya huce, mai shi kuma ya rasa dalilin da abin ke aiki da asuba ya ƙi da azahar. Wanda ya yi mutum-mutumi mai linzami biyu, ɗaya na tayoyin dama ɗaya na hagu, ya zare jar waya daga igiyar ɗayansu ya naɗe ta da salatif, don kada BEC biyu su yi ta ture juna. Idan kuma sarbo na firgita duk lokacin da dainamo ya tashi, tartsatsin cikin dainamon ne ke shiga sigina. 'Yar kafasita mai kama da ƙwayar wake da aka rubuta wa 104, a liƙa ta da dalma tsakanin ƙafafun dainamo biyu, tana kwantar da shi, kuma ana samunta a kowace matacciyar rediyo.

Ina ganin makarantunmu za su iya ɗauke rabin wannan wahala da kuɗi kaɗan. Birnin Kudu gari ne da ya yi suna da makaranta. Kwalejin gwamnati ta garin ta yaye mutane irin su Aliko Dangote, ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ƙungiyar JETS ta matasan injiniyoyi da masu kimiyya sananniya ce a sakandarorin Najeriya. Idan kowane irin wannan kulob yana da mita ɗaya, sarbo ɗaya da aka tabbatar da lafiyarsa, da magwajin sarbo, an gama da yawancin canke. Magwajin nan ɗan akwati ne kamar na ashana mai abin murɗawa, yana fitar da bugun 1000 zuwa 2000 ba tare da rimot ba. A jona shi da linzami: in dainamo ya juya, laifin yana wajen risiba, in bai juya ba, yana wajen linzami ko batir. Haziƙai muna da su. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Irinsu nawa ne suka tsaya a kan rami na uku da na biyu, ba wanda ya zauna kusa da su na minti goma?

Abu ɗaya ne ban bar gidan yayata ba sai da muka yi shi. Na tambayi yaron me zai faru idan batirin rimot ya mutu alhali abin yana guje. Ya ce ai tsayawa zai yi. Na ce mu gani. Muka ɗora falankin a kan bulo biyu, tayoyi na lilo a iska. Ya tura sanda gaba, na sa hannu na kashe rimot. Tayoyi suka ci gaba da gudu abinsu. Risibobi da yawa haka suke fitowa daga masana'anta: in sigina ta yanke, sai su yi ta maimaita umarnin ƙarshe da suka ji. A tsakar gidan da yara ke rarrafe kuma murhu na ci, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle ga mai batirin LiPo, wanda kan kama da wuta idan ya fashe. 

Muka shiga tsare-tsaren rimot, wajen da ake gaya wa risiba abin da za ta faɗa idan ta daina jin maigidanta. Ya bar sanda a tsakiya, ya zaɓi tasha ta biyu, ya adana. Muka sake gwadawa: sanda gaba, tayoyi na gudu, na kashe rimot. Kafin in ɗauke yatsa sun tsaya. Ya ce in sake, na sake, har sau uku. Sannan ya sauke shi daga kan bulo ya ajiye a bakin zaure, ya tura shi ya bi ta soro ya shiga tsakar gida, ya kewaye turmi, ƙannensa na biye da shi da ihu. Ya ja sanda baya, abin ya ci birki ya tsaya, bai koma ba sai da ya saki ya sake ja. Ya ɗauko linzamin yana jujjuya shi, ya ga wasu 'yan ƙafafu uku a gefe da baƙar hula a kan biyu, an rubuta F/B/R a ɗaya ɓangaren, F/R a ɗayan. Aka kira magariba yana neman hantsakin da zai zare hular da shi.